Matsirgar Cikin Littafi Da Ta Ƙasarmu

Ya ku 'yan makaranta, mu malaman da ke koyar da labarin ƙasa a nan Sukuntuni muna da ƙara da za mu kawo gabanku, ko da yake rabin laifin a wuyanmu yake.

In aka tambayi yaro babbar matsirgar ruwa ta Afirka, nan da nan sai ya miƙe ya zuba kamar ya haɗiye littafin: Biktoriya, a Kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, faɗinta ya ɗara mil 1, tsayinta ƙafa 355, Livingstone ya gano ta cikin 1855. Madalla. To, ce masa ina Gurara? Sai ya yi zuru, ya shiga sosa ƙeya.

Wannan kalma ta ganowa ma abin a tsaya a duba ne. Mutanen wurin ne fa suka ɗauki Baturen a kwalekwale suka kai shi ya gani, kuma tun kafin ya laƙaba mata sunan Sarauniyar Ingila suna kiranta Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa. Sunansu kuwa ya fi nasa koyarwa. Feshin ruwan yana tashi sama kamar hayaƙi, ya komo yana yayyafi dare da rana, har kurmi mai duhu ya tsiro daura da ita, kore shar, alhali kuwa dajin da ke kewaye ya bushe ƙayau da rani. Ta yaya yaron da koginsu yashi ne in rani ya yi, wanda ya saba ganin ana tonon rairayi kafin a cika tulu, zai fahimci wannan daga alli da baƙin allo? Haddacewa kurum zai yi, ya amayar ran jarrabawa.

Ba mu ce a kai ku Zambezi ba. Ga Gurara tsakanin Suleja da Minna, ruwa na faɗowa daga wajen ƙafa 100. Ga Matsirga kusa da Kafancan. Ga Farin Ruwa a ƙasar Wamba, wadda ke gangarowa daga tudun Jos, ta fi Biktoriya tsawo ko da yake ba ta kama ƙafarta ba wajen yawan ruwa. Da harshenmu aka raɗa mata suna, amma ɗan Hausa bai san da ita ba. Assha!

Mun san abin da za a ce. Wasu dattawa sun ce yawon banza ne, ɓarnar kuɗin mota. Muna ganin girmansu, amma ba mu yarda ba, gama gani ya kori ji. Wanda ya tsaya feshi ya jiƙa masa riga, ya ga inda itatuwa suka yi kauri nan ƙorama ba ta ƙafewa, ba ya komowa gida ya sare gawon gonar ubansa da garaje. Wasu kuma sun ce akwai iskoki a wurin. Abin tsoron da muka tabbata da shi santsin duwatsu ne da ƙarfin ruwa da damina. A nan sun yi gaskiya, maganinsa kuwa a tafi bayan kaka, malami na gaba, ba mai shiga iyo.

Batun kuɗi fa? Gyaɗar gonar makaranta ta shekara guda, in an yi mata asusu ba a ɓatar da ita wajen shagalin hutu ba, ta rage nauyin. Ku tayar da maganar gaban babban malaminku tun kafin a yi roro.