Shekarar 1898 da iyakar da aka shata mana a Faris

In aka tambayi ɗan makaranta yaushe Turawa suka ci ƙasar Hausa, 1903 zai ce, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, Katsina ta miƙa wuya. Amsar ba ta da laifi, amma sharhinmu na yau na ganin an riga an gama magana tun 1898.

A ranar 14 ga Yunin shekarar, wakilan Ingila da Faransa suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Faris. Suka kafa tsinke kan Sakkwato a taswira, suka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin, sannan layin ya miƙe gabas har Tafkin Chadi: kudu na Ingila, arewa na Faransa. Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gado, Sarkin Katsina Abubakar yana fadarsa, kuma babu wanda aka tuntuɓa a cikinsu. Kafin shekarar ta ƙare aka ga ƙarfin da ke bayan takardar. Ranar 2 ga Satumba, a Omdurman ta Sudan, bindigogi masu ruwan harsashi na rundunar Kitchener, kwamandan Ingila, suka kashe kimanin mayaƙa 10,000 na Halifan Mahadi a safiya guda, alhali mamatan ɓangarensa ba su kai 50 ba. Ƙarshen watan Faransawa suka kama Samori Ture. A Fashoda kuwa, a bakin Kogin Nilu, sojojin Ingila da Faransa sun yi cirko-cirko, amma suka gwammace sulhu, domin ba su ga dalilin zubar da jinin juna a kan ƙasar da za su iya rabawa da alƙalami ba. Damagaram ta nuna turjiya a watan Mayu, inda aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, sai dai shekara na zagayowa Faransawa suka shiga birnin.

Wani zai ce ai ko kafin Turawa Katsina da Maraɗi ba sa ga maciji, don haka Bature tabbatar da rabuwar kawai ya yi. Gaskiya ne an sha gwabzawa tun da sarakunan Katsina na da suka koma Maraɗi bayan jihadi, kuma garuruwan kudancin Katsina sun ɗanɗana hare-haren. To amma layin 1898 bai bi wannan rigima ba ko kaɗan, don a ɓangaren Ingila ya bar Maraɗi, tare da Katsina. Sai a 1904, da Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram, aka turo layin kudu aka ba su Maraɗi da Birnin Konni. Ƙishirwar sojan Faransa aka duba, ba tarihin Katsinawa ba.

Wani kuma zai ce me ya haɗa manomin Faskari da takardar da ta haura shekara 120? Ya tambayi dillalan shanu a kasuwar Sheme abin da suka gani da aka rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, lokacin da motocin kaya suka yi ta jibgewa a Jibiya, ɗan'uwa ya kasa kai wa ɗan'uwansa buhun gero. Iyakar ta zauna, ba muna kiran a tumɓuke ta ba ne. Muna dai roƙon hukumomin Abuja da Yamai su riƙa jin ta bakin mutanen Katsina da Maraɗi kafin su sake rufe ta, malaman tarihi a makarantunmu kuma su sa 1898 cikin abin da suke koya wa yara.