Hangen Nesa a Sana'ar Waƙa

Mamman Shata ya rasu a 1999 ba tare da an tantance adadin waƙoƙinsa ba, har yau manazarta na tsintar su a tsofaffin kaset-kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo. Wannan ya isa darasi ga mawaƙin zamani da ya jingina sana'arsa ga ɗan siyasa, wanda kyautarsa ke ƙarewa da ƙarewar zaɓe. Mai hangen nesa shi ne wanda ke rubuta matanin waƙarsa, ya adana ainihin sautin da aka ɗauka, ya ƙulla yarjejeniya a rubuce kafin a ɗora ta a YouTube. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba shi kariya, amma magadansa ba za su ci moriyarta ba sai da shaida a hannu.