Keken dutse mara giya: Kada rashin nauyin firam ya ruɗe ka

Ɗan'uwa matashi, na san halin da kake ciki. Ka daɗe kana tara ɗan abin da ka samu, ka yanke shawarar haɗa keken hawan dutse da hannunka, irin wanda ba shi da giya, wili ɗaya gaba ɗaya baya, sarƙa a miƙe. Yanzu ka zo kan firam, kuma duk wanda ka tambaya amsa ɗaya yake ba ka: nemi wanda ya fi rashin nauyi. To ni dai ra'ayina ya sha bamban. A wajen keke mara giya, nauyi shi ne abu na huɗu da ya kamata ka duba. Kafin shi akwai yadda za ka ɗaure sarƙa, akwai ƙarfin firam ɗin, akwai kuma wanda zai gyara maka shi ranar da ya tsage.

Bari mu fara da lissafi, don lissafi ba ya son kai. Firam ɗin keken dutse na alminiyum yakan kai wajen kilo 1.5 zuwa 2. Na ƙarfe mai kyau yakan kai kilo 2 zuwa 2.5. Na kabon yana sauka har kusa da kilo 1. Kenan tsakanin ƙarfe da alminiyum, abin da ake ta hayaniya a kai bai cika wuce rabin kilo ba. A ce nauyinka kilo 70, kekenka kilo 11. Jimilla kilo 81 kenan kake turawa sama. Rabin kilo a cikin 81 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ruwan leda ɗaya da ka sa a aljihu ya cinye wannan ribar kaf. Kuma kada ka manta, tun ranar da ka ce ba ka son giya ka riga ka rage nauyi, domin ka yar da abin sauya giya na gaba da na baya, da wayoyinsu, da tarin haƙoran nan na wilin baya. Wannan ragin kyauta ka same shi, ko sisi ba ka biya ba.

Abin da ya kamata ka fara leƙawa shi ne bakin da ake saƙala wilin baya. A keke mai giya, abin sauya giyar ne yake jan sarƙa ta tsaya daram. Kai da ka cire shi, dole firam ɗin ya yi wannan aikin. Hanyoyin da aka sani huɗu ne. Akwai firam mai baki a kwance, irin na tsofaffin Raleigh da Phoenix na iyayenmu, inda kake jan wili baya har sarƙa ta yi daidai sannan ka ɗaure noti. Akwai mai baki mai zamewa, wanda ake kwance shi a matsar da shi tare da mazaunin burki. Wannan ya fi dacewa idan burkin faifai za ka sa, don burkin ba zai kauce wa faifansa ba. Akwai wanda ake juya gidan feda don a ja sarƙa, yana aiki, amma ya shahara da ƙara idan ƙura ta shige shi, ka kuwa san ƙurar hunturunmu. Na huɗu shi ne firam mai baki a tsaye, irin na yawancin kekunan gwanjo masu giya. Shi wilinsa ba ya matsawa ko kaɗan, sai ka ƙara masa ɗan abin jan sarƙa, irin Singleator da kamfanin Surly na Amurka ya yi suna da shi. To ka ga ka sayi firam mara nauyi, ka dawo ka rataya masa ƙarfen da ka gudu. Ina amfanin baɗi ba rai?

Sarƙar da ta yi daidai ita ce wadda in ka danna ta a tsakiya za ta motsa kamar santimita 1. In ta fi haka sako-sako, ranar da ka miƙe tsaye kana taka feda da ƙarfi a kan hawa za ta zame, gwiwarka ta daki kan keken. Wanda ya taɓa shan wannan ba ya bukatar a yi masa bayani.

Wannan ya kawo mu magana ta biyu, wato ƙarfi. Mai giya in ya zo hawa sai ya sauko giya mai laushi, ya zauna abinsa yana juya ƙafa. Kai ba ka da wannan gatan. Haƙora 32 a gaba da 16 a baya ga wili inci 26, ko 32 da 20 ga wili inci 29, da su za ka hau da su za ka sauka. Hawa irin na duwatsun Shere a Jos, tsaye za ka miƙe, kana jan kan keke da hannu kana danna feda da duk nauyinka. Duk wannan murɗar a gidan feda da bututun baya take sauka. Firam ɗin da aka kankare shi don kawai sikeli ya nuna ƙaramin lamba zai riƙa lanƙwasa a ƙarƙashinka, ƙarfinka na tafiya a banza, sarƙa na neman hanyar fita.

Alminiyum bai kai ƙarfe nauyi ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne, amma taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Shi ya sa kake ganin bututunsa ƙato-ƙato. Sannan yana da wani hali: duk jijjigar da ya sha tana taruwa a jikinsa, shekara da shekaru, har ya gaji ya tsage, galibi a bakin walda. Sabon firam na alminiyum daga kamfanin kirki zai yi maka shekaru lafiya lau. Matsalar ita ce yawancinmu na gwanjo muke saye, ba ka san wanda ya hau shi ba, ba ka san dutsen da ya faɗa ba. Kabon kuwa ya fi ɓoye ciwo. Zai iya tsagewa ta ciki fenti na ƙyalli a waje, kuma in zai karye ba ya sallama.

Magana ta uku ita ce gyara. Firam ɗin ƙarfe in ya tsage, mai walda da ya san aikinsa zai iya ɗinke maka shi ka koma hanya. Alminiyum irin 6061, wanda aka fi yin firam da shi, waldarsa ta daban ce, kuma bayan waldar sai an gasa shi a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo. Kabon ba ya jin walda sam. Tambayi kanka tsakani da Allah, a unguwarku wa zai yi maka wannan aikin?

Kada ka ɗauka ina cewa kowane ƙarfe alheri ne. Akwai ƙarfen banza mai nauyin tsiya da ake yin kekunan araha da shi, wannan wahala kawai zai ba ka. Wanda nake nufi shi ne wanda aka gauraya da kuromiyom, za ka ga an rubuta 4130 ko Cr-Mo a jikinsa, ko tambarin Reynolds na Ingila, ko Columbus na Italiya. Bututunsa siriri ne, a tsakiya ya fi sirantaka, bakinsa wajen walda ya fi kauri. Kuma idan tsere kake shiga, kana da kuɗin sayen sabo da kuɗin canza shi in ya lalace, sayi kabon ɗinka, ba ni da ja. Maganata da kai ce, wanda wannan firam ɗin shi ne gumin wata da watanni.

In ka shiga kasuwa, tafi da maganaɗisu da zare. Maganaɗisu zai kama ƙarfe, ba zai kama alminiyum ba, don haka mai kaya ba zai yi maka rufa-ido ba. Goge duk bakin walda ka duba da kyau, musamman wuyan keke da gidan feda. Zare sandar sirdi ka haska tocila a ciki ka ga ko tsatsa ta ci shi. Ɗaura zare daga bakin wilin baya na hagu, ka zagayo ta wuyan keke zuwa na dama, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In ba su zo daidai ba, firam ɗin ya karkace, ajiye musu kayansu. Auna faɗin bakin baya ma, don tsofaffi milimita 135 ne, na zamani 142 ko 148, kuma wilin wannan ba ya shiga wancan. Sannan ka tsaya a kansa ka tabbata girmanka ne. Firam ɗin da ya yi maka kaɗan ko ya yi maka yawa, ko da nauyin auduga gare shi, ciwon baya zai sa maka.

Ka tuna, wasan nan kansa a kan kekuna masu nauyi aka fara shi. Samarin yankin Marin a jihar Kalifoniya da suka fara tseren gangara na Repack a 1976, tsofaffin kekunan Schwinn na ƙarfe suka tattaro suka gyara. Sunan tseren ma daga nan ya samo asali, domin burkin baya kan yi zafi har girisinsa ya ƙone, sai an sake cusa sabo. Ba su jira firam mara nauyi ba kafin su hau dutse.

Don haka in mai kaya ya ɗaga maka firam da yatsa ɗaya yana murmushi, karɓa ka juya shi, ka fara duba bakin wilin baya. In ya wuce wannan, ya wuce gwajin zare, ya kuma zo daidai da tsawonka, sannan ku yi maganar sikeli.