KIMIYYA A SAUƘAƘE: Rinin Da Ruwa Ba Ya Ɗauka

Duk uwargidan da ta tashi daga unguwar Makama a Yola ta nufi kasuwar Jimeta sayen manja, abin da idonta yake fara nema shi ne ja. Amma fa kama da wane ba ta wane, gama akwai jan da Allah Ya halitta cikin kwakwar manja, akwai kuma na galura.

Yawancin galurar zamani daga dangi guda ta fito, wanda masana suke kira azo. Wani Bajamushe mai suna Peter Griess ne ya gano tushenta a shekarar 1858, kuma yau fiye da rabin rinin da masana'antun duniya suke aiki da shi na wannan dangi ne. Ginin kowane ɗayansu iri ɗaya ne: ƙwayoyi biyu na sinadarin nitirojin sun riƙe hannun juna, sun haɗa zobban sinadari na dama da na hagu. Gwargwadon yadda sarƙar nan ta ƙara tsawo, launi yakan tashi daga rawaya zuwa ja, har ya kai shuɗi.

Abin da aka narka rinin a ciki shi ma yana da nasa hukunci. Alal misali, rinin Congo Red, wanda aka ƙaga a 1883, ja ne wur cikin ruwa, amma da an zuba masa asid sai ya koma shuɗi.

To, ga inda gizo yake saƙa. Idan aka liƙa wa rini wani reshe mai sinadarin farar wuta, sai ya riƙa narkewa cikin ruwa. Irinsa ne marina suke jiƙawa don auduga. Wanda ba shi da reshen nan, kamar rinin da ake kira Sudan, ba ruwansa da ruwa, sai mai. Don haka aka yi shi domin man goge takalmi da kakin zuma da robobi. Wannan hali nasa ne ya sa mazambata suke zuba shi cikin manjan da ya koɗe, ya gauraye sarai, ido bai isa ya rarrabe ba.

Haɗarin kuwa yana wajen haɗin nan na nitirojin. Ƙwayoyin halitta da ke cikin hanjin mutum suna iya tsinka shi, sai gutsattsarin su shiga jini, ga shi kuwa an tabbatar waɗansu irinsu suna haddasa ciwon daji na mafitsara. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irin wannan rini a tufafi a 2002. A 2005 Ingila ta janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna saboda rinin Sudan, a 2015 kuma hukumar abinci ta Gana ta same shi cikin manjan kasuwannin Ankara. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya ita ma ta sha yin gargaɗi a kansa.

Saboda haka ya kamata shugabannin kasuwa su san inda kowace jarka ta fito, hukuma kuma ta yawaita ɗibar manja tana awo. Uwargida kuwa ta riƙe mai sayarwa wanda ta amince da shi, ta yi hattara da manjan da ya cika ja ga kuma arha. Rigakafi dai ya fi magani.