Hana Shan Taba a Bainar Jama'a: Gwamnati Ta Fara Share Gidanta

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa na Wuse 2 ko Gwarinpa da daren Juma'a ya san yadda iskar wurin ke sauyawa idan dare ya raba. Hayaƙin sigari da na shisha sukan taru a ƙarƙashin rufi, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta yi ta juya su. Baƙon da abin ya dama zai biya kuɗinsa ya tashi. Yarinyar da ke kai abinci tebur-tebur kuwa ba ta da wannan zaɓi. Tun la'asar take wurin, ba kuma za ta kama hanyar Nyanya ko Mararraba ba sai an rufe. Haka za ta yi gobe, haka za ta yi jibi.

A kan wannan yarinya ya kamata a gina muhawarar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. An saba ɗaukar batun a matsayin takaddama tsakanin mutum biyu masu ƙarfi ɗaya: mai son ya busa hayaƙinsa da wanda ba ya son wari. Idan aka tsaya a nan, kowa na da hujja, kuma gardamar ba ta ƙarewa. Amma akwai mutum na uku da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato ma'aikacin da abincinsa ke cikin wurin: mai hidimar tebur, mai shara, mai gadi, direba, da hadimin da ke tsaye a bayan maigida.

Ƙasar Ayilan ce ta fara fahimtar haka a aikace. Ranar 29 ga Maris, 2004, ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta haramta shan taba a dukkan rufaffun wuraren aiki, har da gidajen giya da gidajen abinci. Ministan lafiya na lokacin, Micheál Martin, ya gabatar da matakin a matsayin dokar kare ma'aikata, ƙungiyar ƙwadagon masu aiki a gidajen giya kuma ta mara masa baya. An yi ta hasashen cewa mutanen da suka ɗauki gidan giya tamkar zauren unguwa ba za su bi wannan doka ba. Sai ga shi binciken jami'ai a shekarar farko ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na wuraren da aka duba suna bin ta. Sikotilan ta bi sahu a Maris na 2006, Ingila kuma ranar 1 ga Yuli, 2007. Wani bincike da aka yi a asibitocin Sikotilan ya gano cewa yawan waɗanda ake kwantarwa saboda bugun zuciya da dangoginsa ya ragu da kashi 17 cikin ɗari bayan dokar ta fara aiki, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba masu shan taba ba ne.

Dalilin a fili yake. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu kuma an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Wanda ke fita daga bakin karan da ke ci ba ya bi ta matatar da ke gindin sigari, kai tsaye yake shiga iskar ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar hayaƙin da wasu suka busa. A Kanada har yau ana tuna Heather Crowe, wadda ta shafe kusan shekara 40 tana hidima a gidajen abinci, ba ta taɓa shan taba ba, amma ciwon dajin huhu ya kashe ta a Mayu na 2006, 'yan kwanaki kafin lardin Ontario ya fara aiwatar da dokar da ta yi fafutukar a kafa.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Tun 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 20 da ta hana shan taba a wasu wuraren jama'a kamar ofisoshi, makarantu, asibitoci da motocin haya. A 2005 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba, wadda sashe na 8 nata ya wajabta kare jama'a daga hayaƙi. A 2008 hukumar Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin Minista Aliyu Modibbo Umar, ta shelanta haramcin shan taba a bainar jama'a a Abuja. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2014. A Mayu na 2015, gab da barin mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, sannan a 2019 Majalisar Dokoki ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. Dokar ta tanadi tarar aƙalla naira 50,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga wanda ya sha taba a inda aka hana. Ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara.

To amma a tsaya a teburin kowane mai kayan tireda da ke bakin titi a Garki a nemi kara ɗaya, a ga ko za a hana. A shiga wuraren shaƙatawa a ƙirga nawa ne suka liƙa alamar hana shan taba. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya yi kira ga jami'an tsaro su aiwatar da haramci kan shisha, amma tukwanen shisha na nan a jere a tebura a manyan unguwannin birnin. Tun 1990 ake ta rubuta dokoki a kan abu ɗaya, kowace sabuwa ta zo ta tarar da ta baya a kwance.

Masu adawa da tsaurara haramcin suna da maganganun da suka cancanci amsa. Na farko shi ne 'yanci: taba halas ce a idon dokar ƙasa, gwamnati na karɓar haraji a kanta, akwai ma babbar masana'antar sigari a Ibadan, don haka me zai sa a tsangwami baligin da ya saya da kuɗinsa? Gaskiya ne yana da ikon sha, dokar kuma ba ta ƙwace masa wannan iko ba. Abin da ta ce shi ne ya fita waje. Tashi na minti biyar ne a gare shi, ga mai hidima kuwa bambanci ne tsakanin awa takwas a cikin hayaƙi da awa takwas a iska mai tsabta. Gyara kayanka, in ji Hausawa, bai zama sauke mu raba ba.

Na biyu shi ne kasuwa. Masu gidajen giya da otal-otal na tsoron cewa masu ciniki za su ƙaura. Suna iya kafa hujja da Ingila, inda dubban gidajen giya suka rufe a shekarun da suka biyo bayan 2007. Sai dai a daidai wannan lokaci ne tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008, haraji ya hau, manyan kantuna kuma suka riƙa sayar da abin sha da araha, don haka ɗora wa dokar taba laifin duka zalunci ne. Abin da ke cutar da ɗan kasuwa da gaske shi ne a tilasta wa wani a ƙyale maƙwabcinsa. Idan doka ta hau kan kowa a rana ɗaya, babu inda mai ciniki zai gudu ya je.

Na uku, kuma mafi nauyi a wannan ƙasa, shi ne tsoron cin zali. Tarar naira 50,000 ta haura kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Doka irin wannan a hannun jami'in da ba ya tsoron Allah tana iya zama sabuwar hanyar tatsar lebura da ɗan acaɓa, alhali mai kuɗi na busa hayaƙinsa a ɗakin alfarma ba wanda ya ce masa uffan. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ita ce ke nuna inda ya kamata a ɗora nauyin aiwatarwa: a kan mai wuri. Mai wurin yana da adireshi, yana da lasisi, yana da abin da zai yi asara. A Ayilan tarar na iya kaiwa yuro 3,000, tana kuma iya hawa kan mai gidan da ya bari aka sha, shi ya sa masu gidajen suka zama masu gadin dokar da kansu. Sufeto ɗaya da ke duba wuraren kasuwanci da takarda a hannu ya fi 'yan sanda goma masu farautar mutane a titi amfani.

Akwai kuma masu cewa a garin da hayaƙin janareta da na tsofaffin motoci da na ƙona shara ya cika iska, damuwa da na sigari ɓata lokaci ne. Waɗannan ma matsaloli ne, amma magance su na buƙatar wutar lantarki tsayayya da biliyoyin nairori. Raba ɗaki da hayaƙin taba kuwa alama a bango da umarni mai tsayuwa kawai yake nema. Wahalar babban gyara ba hujjar barin ƙarami ba ce.

Ita ma dokar 2015 tana da kafa da ya kamata a toshe. Ta yarda a keɓe wurin shan taba a cikin wasu gine-ginen jama'a da wuraren aiki. Hayaƙi kuwa bai san iyakar tebur ba. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya tabbatar da cewa raba masu sha da marasa sha a cikin gini ɗaya, ko tace iska, ko sa fanka mai zuƙo hayaƙi, duk ba sa kawar da haɗarin. Ko da ɗakin keɓantacce ne, wani ma'aikaci ne zai shiga ya kai abin sha, wani ya shiga ya share toka. Duk lokacin da Majalisa ta waiwayi wannan doka, wannan tanadi ne ya fi cancantar a goge.

A ɗaya ɓangaren, bai kamata a wuce gona da iri ba. Abuja gari ne na lambuna, inda ake zama a sarari ana cin gasasshen kifi da tsire. Ƙasashen da suka yi nisa a wannan hanya ma suna taka-tsantsan da filin waje. A 2024 gwamnatin Birtaniya ta yi tunanin faɗaɗa haramcin zuwa farfajiyar gidajen giya, daga baya ta janye, ta mai da hankali kan harabar makarantu da asibitoci da wuraren wasan yara. Faransa ta hana shan taba a bakin teku da wuraren shan iska da tashoshin bas a 2025, amma ta bar barandar gidajen shayi. Ma'aunin da ya dace da Abuja mai sauƙi ne: duk inda ke da rufi da bango, a hana gaba ɗaya, duk inda yara ko marasa lafiya ke taruwa, a hana ko da a sarari ne, sauran filin kuma a bar mai sha ya sami gefen da ba zai cutar da kowa ba. Dokar da mutane ke ganin adalcinta ita suke bi.

Saura tambayar inda za a fara. Amsar tana kusa da masu karanta wannan shafi fiye da yadda ake zato. Gwamnatin Tarayya ce mai gida mafi girma a Abuja: Sakatariyar Tarayya, ma'aikatu, hukumomi, harabar Majalisa, da dubban motocin gwamnati. A waɗannan wurare ba a buƙatar sabuwar doka, ba a buƙatar jiran kasafin kuɗi. Takardar umarni ɗaya daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ta isa ta ce a liƙa alama a kowace ƙofa, a kwashe tasoshin toka, a haramta sha a matattakala da bayan gida, a kuma ɗora alhakin kula a kan daraktan mulki na kowace ma'aikata, ya riƙa ba da rahoto.

Motar gwamnati ta cancanci layi nata a wannan takarda. Ga direba, mota ita ce ofishinsa. Idan maigida ya kunna sigari a kujerar baya, gilashi a rufe, sanyi na busawa, direban da ɗan sandan da ke gefensa ba su da bakin magana, domin aikinsu na hannun mai busa hayaƙin. A Ingila doka ta ɗauki motar aiki da mutum fiye da ɗaya ke amfani da ita a matsayin wurin aiki, ba a shan taba a cikinta. Amfanin rubutacciyar ƙa'ida ke nan: tana yin maganar da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya furtawa ba, ba tare da ya saka abincinsa a haɗari ba.

Bayan haka sai hukumar Babban Birnin Tarayya ta haɗa sabunta lasisin otal-otal, gidajen rawa da lambuna da bin wannan doka, ta ba da wa'adi bayyananne, ta buga sunayen waɗanda suka saɓa. Ya kuma wajaba asibitocin gwamnati su tanadi taimako ga masu son dainawa, domin sinadarin nikotin na kama mutum kamun gaske, kuma tsawa kaɗai ba ta sakin wanda ya kama.

Ministoci kan zo su tafi, amma masu rubuta musu takardun shawara, masu tsara jadawalinsu da masu tuna musu abin da aka manta su ne ke nan kullum. A teburin irin waɗannan mutane dokar 2015 ta kwanta, daga nan kuma za ta iya tashi. Gwamnatin da ta raba ofisoshinta da motocinta da hayaƙi ita ce za ta iya tsayawa a ƙofar mai gidan rawa a Wuse 2 ta ce masa ya yi wa ma'aikatansa haka, ya kuma saurare ta.