Sharhi: Na'urar ɗumama ɗaki ta zamani da sanyin hunturu a Mararaban Rido

Duk shekara daga watan Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya kankama a Mararaban Rido da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia da Kafanchan, gidaje da dama kan koma ga kaskon gawayi domin jin ɗumi. Wannan al'ada na tattare da haɗari, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari da ake kira kabon monoksaid, wadda kan hallaka mutum yana barci.

A ƙasashen da ke fama da tsananin sanyi, ana ta komawa ga wata na'ura mai zuƙo zafi daga iskar waje ta shigar da shi cikin gida. Aikinta irin na na'urar sanyaya ɗaki ne, sai dai an juya shi. Na'urar sanyaya ɗaki tana kwashe zafin ciki ta watsa waje, ita kuwa wannan tana kwaso na waje ta shigo da shi. Wasu na'urorin sanyaya ɗaki ma suna iya yin aikin biyu.

Tambayar da aka fi yi ita ce ko na'urar za ta samu zafin da za ta zuƙa idan iskar kanta ta yi sanyi. Amsar tana cikin sinadarin da ke zagayawa a bututunta, wanda ke tafasa a yanayin da ya fi iskar hunturu sanyi nesa ba kusa ba, don haka yana iya ɗaukar zafi ko da daga iskar da ke daskarar da ruwa. A yanayi matsakaici, kowane ma'aunin wutar lantarki ɗaya da ta ci kan samar da zafi ninki uku zuwa huɗu, alhali hita ta gama-gari ba ta ba da fiye da abin da ta ci.

Ƙarfin nata yana raguwa idan sanyi ya tsananta, kuma takan ɗan dakata domin narkar da ƙanƙarar da ta taru a ɓangarenta na waje. Duk da haka, wani bincike da masana daga Jami'ar Oxford da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Joule a shekarar 2023 ya nuna cewa tsakanin digiri 5 da digiri 10 ƙasa da sifili, tana ci gaba da ba da ninki biyu zuwa uku. Rahoton Hukumar Makamashi ta Duniya na 2022 kuma ya ce kusan kashi 60 cikin 100 na gine-ginen Norway na amfani da irin wannan na'ura.

Idan aka auna da wannan, sanyin Kaduna, wanda ba ya kaiwa ga daskarar da ruwa, ba zai gagare ta ba. Abin da zai gagare ta a Mararaban Rido shi ne wutar lantarki. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, sannan a Oktoban shekarar jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna.

Ga kuma tsadar saye, ga gajartar lokacin sanyi da bai wuce 'yan makonni ba. Saboda haka, mai halin sayen na'urar sanyaya ɗaki zai fi cin riba idan ya nemi mai aiki biyu. Sauran jama'a kuwa, kafin wuta ta wadata, abin da ya fi gaggawa shi ne fitar da kasko daga ɗaki kafin a kwanta, da barin taga a ɗan buɗe duk lokacin da garwashi ke ci.