Kafin yaro ya haɗa kwamfutar gem, a sa shi ya rubuta takarda

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Mutum uku ne a ofishinmu suka same ni da magana iri ɗaya cikin wata guda: yaro ya tasa su a gaba, wai sai an haɗa masa kwamfutar buga gem. Da yake sun san mun yi wannan fama a gidana kwanan baya, sai na zama kamar wani injiniya, alhali ni aikin gwamnati na sani, fayil da minit. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Abin da ya fara tayar min da hankali a kan wannan harka ba a gidana ya faru ba. Ɗan maƙwabcina ne. Yaron ya fi shekara yana tara kuɗi, har da na barka da sallah da ɗan abin da yake samu a shagon kawunsa. Ya je kasuwa shi kaɗai, ya sayo firosesa a wannan shago, madabod a wancan, RAM a wani daban, duk inda ya ga sauƙi. Da ya dawo gida aka baje kaya a tabarma, RAM ta ƙi shiga gurbinta. DDR5 ya sayo, madabod ɗin kuma na DDR4 ne. A ido tsayinsu ɗaya, amma ɗan tsagin da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya yake ba, da gangan aka yi haka don kada wani ya shiga gurbin wani. Yaro ya ɗauka ƙarfi ne bai sa ba, ya danna har ya ɓalle maƙallin. Da ya koma, mai shago ya nuna masa rubutun da ke kan rasit: kaya in sun fita ba sa dawowa. Na ga yaron nan zaune a ƙofar gida da magariba, wallahi ko gaisuwar kirki ya kasa yi min.

To da nawa ya zo da tasa buƙatar bayan sun gama jarrabawar WAEC, sai na ce masa na yarda, har zan cika masa abin da ya tara, amma da sharaɗi guda. Ko sisi ba za ta fita ba sai ya kawo min takarda, kamar yadda muke yi a ofis kafin a saki kuɗin sayen kaya. Kowane abu da sunansa cikakke da lambarsa, a gefe kuma ya rubuta hujjar da ta nuna zai zauna lafiya da sauran. Ya ce, "Abba, wannan ai ka mayar da ni ɗan kwangila." Na ce ƙwarai kuwa. Sau uku ina mayar masa da takardar.

Ra'ayina ke nan, kuma a kansa nake har gobe: ga mai ƙaramin ƙarfi, wanda kuma wannan ne haɗinsa na farko, ba ƙarfin kaya ne abin dubawa na farko ba, jituwarsu ce. Mai kuɗi in ya yi kuskure gobe ya sake saye. Mu fa? Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500, kuma duk kayan nan da dala ake shigo da su. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Katin hoto matsakaici guda ɗaya, wanda yara ke kira GPU, ya fi albashin wata uku na irin wannan ma'aikaci. A irin wannan hali, sayen abu ɗaya da bai dace ba shi ne ƙarshen zancen gaba ɗaya.

Ga kuma wata sabuwa. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan masu ƙera ta, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga kamfanonin ƙirƙirarriyar basira masu sayen kaya jibgi-jibgi. Micron ma ta sanar a Disambar 2025 cewa za ta daina sayar da kayanta na Crucial ga ɗaiɗaikun mutane. Wato abin da a da ake ɗauka ƙaramin kashi ne a lissafi, yanzu shi ma sai an yi masa zama na musamman.

Takardarsa ta farko cike take da abin da ya gani a YouTube. Firosesa na AMD mai gurbin AM5, da RAM DDR5, da kesin mai gilashi da fitilu kala-kala. Jituwa kam akwai, amma da muka tara lissafi, kuɗin ya ƙare tun kafin a zo kan katin hoto, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin gem ɗin. Nan na fara fahimtar matsalar yaranmu. Masu bidiyon nan yawancinsu a Amurka ko Turai suke, inda in abu bai yi maka ba ka mayar a ba ka kuɗinka, kuma wuta ba ta ƙiftawa. Shawararsu daidai ce, amma ga gidajensu.

Na ce ya koma baya da taki ɗaya. Gurbin AM4 ya fito tun 2016, AM5 ya gaje shi a 2022, amma har yau kayan AM4 suna nan birjik, sababbi da na hannu. Ryzen 5 5600 yana da ƙwaƙwalwa shida, wutar da yake ja ba ta da yawa, wat 65 aka rubuta masa, kuma in sabo ne a kwalinsa yana zuwa da fankarsa. Don eFootball da EA FC da GTA V, waɗanda su ne abin da shi da abokansa ke bugawa, ya isa har ya yi saura. Wanda ya fi son Intel yana da irin wannan hanya a gurbin LGA1700, sai dai a can a kula sosai, domin madabod ɗinsu iri biyu ne, wani na DDR4 wani na DDR5, kuma sunayen sukan yi kama har su ruɗa mutum.

A takarda ta biyu ne muka ci karo da tarkon da ko ni ban san da shi ba. Ya zaɓi Ryzen 5 5600 da madabod B450 saboda ya fi araha. Gurbi ɗaya ne, AM4, firosesan zai zauna daram. Amma B450 ya girmi wannan firosesa, don haka in ba a sabunta masa BIOS ba, wato 'yar manhajar da ke tayar da madabod, za ka kunna fanka ta yi ta juyawa allo kuwa baƙi ƙirin. Sabuntawar kuma sau da yawa sai da tsohon firosesa ake yinta, in dai madabod ɗin ba mai maɓallin sabuntawa na musamman ba ne. Kuma a ƙasar nan, a ce ana tsakiyar sabunta BIOS a ɗauke wuta? Madabod na iya mutuwa murus. Ko dai mai shago ya sabunta a gabanka ya kunna ka gani, ko ka ƙara kuɗi ka ɗauki B550, shi ma a gwada shi a gabanka. Mu na biyun muka yi.

Akwai kuma 'yan haruffan ƙarshen suna da yara ba sa kula da su. Ryzen 5 5600 ba ya fitar da hoto da kansa, dole sai da katin hoto. Mai G a ƙarshe, 5600G, shi yana fitarwa. A Intel kuma duk mai F a ƙarshe, kamar i3-12100F, ba ya fitarwa. Yaro zai ce bari in sayi sauran kayan yanzu, kati sai baɗi, ya zo ya haɗa ya ga ba abin da ya fito. In har kati sai an jira, mai G ne ya kamata a saya. RAM kuma gara sanda biyu na 8GB a kan sanda ɗaya na 16GB, sun fi gudu in suna aiki tare. Kuma ta laftof gajera ce, ba ta shiga kwamfutar tebur, ko da mai shago ya rantse.

Inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne fawa-fak, akwatin nan da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa kowane sashe. A takardarsa shi ne na ƙarshe, kuma mafi arha ya sa, wani marar suna da aka manna wa takardar wat 700. Hujjarsa: "Abba, ai ba ya ƙara gudun gem." Gaskiya ne ba ya ƙarawa. Amma duk abin da ka saya da guminka ta cikinsa yake shan wuta. Ku da kanku kun san yadda wutarmu take, ta zo ƙasa-ƙasa, ta dawo da ƙarfi, a juya zuwa janareta, a dawo. Firji nawa muka rasa a unguwa? Fawa-fak na kirki in abu ya ɓaci yakan kashe kansa ya kare sauran, na banza kuwa yakan tafi da madabod da kati gaba ɗaya. Araha ba ta ado. Na ce a cire kuɗin fitilu da gilashi a zuba a nan. Muka ɗauki wat 550 na kamfani sananne mai shaidar 80 Plus Bronze. Katin da ya zaɓa, RX 6600 mai 8GB, wat 132 yake ja, kuma yana buƙatar waya mai baki takwas, sai da ya tabbatar min a rubuce cewa fawa-fak ɗin yana da ita.

Wani abu da wani tsohon mai gyara ya nuna min, ban taɓa ji a bidiyo ba: tsofaffin fawa-fak da ke zuwa cikin kayan Amurka wasunsu suna da ɗan jan maɓalli a baya, 115 ko 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka soka a bango, sai dai ka ji ƙara ka ga hayaƙi.

Sannan UPS. Ni a wurina yana cikin kayan kwamfutar, ba ƙari ba ne. Amma a lura, lambar da aka rubuta a jikinsa VA ce, ba wat ba. Mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, kuma kwamfuta irin wannan tana tsakiyar gem, da allonta, tana iya kusantar 300. Ya yi kusa da baki. Mun ɗauki mai 1000VA. Ba don a ci gaba da wasa ba ne in an ɗauke wuta, don a samu 'yan mintunan kashewa cikin mutunci ne. Na kuma sa shi ya lissafa kuɗin wuta: wat 300 na awa huɗu ya zama yunit 1.2 a rana, ga wanda ke Band A kuma tun Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200. A wata ya wuce naira 7,000. Uwargida da ta ji wannan, nan take ta yanke awannin wasa zuwa biyu, ba ni na ce ba.

Na san wani zai ce, me ya sa ba za a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta tokumbo a soka mata kati ba? Hanya ce, kuma na ga waɗanda ta yi wa. Sai dai da yawansu sirara ne, dogon kati ba ya shiga, fawa-fak ɗinsu ƙarami ne kuma bakin wayarsa na kamfanin ne kaɗai, ba ka iya sauya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Ga kuma batun Windows: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar Intel da ya gaza ƙarni na 8. Yawancin masu arhar nan ƙarni na 4 ne ko na 6. Wanda ya san haka ya saya da idonsa biyu, ba laifi.

Katin hannu kuma a yi hattara. Da Ethereum ta daina haƙo da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, musamman irin su RX 580. Ba duka ne matattu ba. Amma kada a karɓa sai an sa shi a kwamfuta an buga gem na rabin awa a gabanka, kana kallon zafinsa. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan, ka yi masa sallama cikin girma da arziki.

Kesin kuwa, mun ɗauki mai raga a gaba, ba mai gilashi ba. Wanda ya san zafin Afrilu a Kano, da ƙurar hunturu, ba sai an yi masa bayani ba. Ya auna tsawon katin da milimita ya gwada da abin da aka rubuta wa kesin. Akwai shafin PCPartPicker da ke duba jituwar kaya kyauta, ya taimaka masa sosai, ko da yake shafin bai san ana ɗauke wuta ba.

Masu cewa wannan duk ɓata tarbiyya ne, ina jin ku, kuma ban ce ba ku da hujja ba. Ni ma ba na son yaro ya kwana yana danne-danne har ya makara sallar asuba, kuma akwai doka a gidana a kan haka. Amma yaron nan da ko littafin darasi sai an yi da gaske yake buɗewa, na same shi da tsakar rana yana karanta littafin bayanin madabod shafi-shafi, da biro a hannu. Ya koyi kasafi, ya koyi haƙura da abin da yake so don abin da yake buƙata, ya koyi tsayawa gaban babba a kasuwa ya ce, "Alhaji, don Allah a kunna min in gani tukuna."

Ranar haɗawa ma ba a rasa abin dariya ba. An gama komai, aka danna maɓalli, fankoki suka tashi, allo shiru. Na ga fuskarsa ta sauya, ni ma gabana ya faɗi, na fara tuno ɗan maƙwabci. Ashe wayar HDMI ya soka a bayan madabod maimakon bayan katin hoto. Ya sunkuya ya mayar da ita ƙasa, sai ga tambari ya bayyana. Ƙannensa suka sa ihu har uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Ɗan maƙwabcin nawa kuwa, gurbin RAM ɗaya ne ya lalace cikin huɗu, sauran suna aiki. Sai ga shi tsadar da ake kuka da ita ta yi masa rana, ya sayar da DDR5 ɗin ba tare da asara ba, ya sayi DDR4. Ranar Asabar nawa zai je ya taya shi haɗawa, kuma ya ce masa ya fara kawo takarda. Duk wanda yaronsa ke kan wannan hanya, ya turo jerin kayan a nan ƙasa, zan miƙa wa ɗan kwangilar gidana ya duba.